Sawun Jirgin Alhamis

A takarda sunana shef-deskal, wato shugaban tashar jirgin sama ta Gure a kamfanin Shamuwa. In ka ji sunan sai ka ce mutum ashirin ne a ƙarƙashina. Ni kaɗai ne. Ni ke sayar da biye, ni ke auna kaya, ni ke share ɗaki, ni ke korar raƙuma. Tashar kanta ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano, da rediyo, da sikeli, da benci biyu. Sai pisti, doguwar hanyar jar ƙasa da jirgi ke sauka a kai, wadda aka jera wa duwatsu dama da hagu ana shafa musu farar ƙasa. Shekarata goma sha ɗaya a wannan aiki, kuma sunana na gaskiya Jibirilla.

Jirgi sau ɗaya yake zuwa a mako, ranar Alhamis da hantsi. Ya taso daga Yamai, ya sauka Damagaram, ya sauka wurinmu, ya wuce Difa. Minti ashirin yake yi a ƙasa. Sauran kwana shida daga ni sai iska, sai kuma Umara, wani makiyayi mutumin Manga wanda har yau bai yarda cewa pistin nan ba makiyayar kakansa ba ce. Kowace Alhamis sai mun yi faɗa a kan raƙumansa, mu gama mu sha shayi.

Matata Habsu ta rasu shekara bakwai ke nan. 'Ya ɗaya Allah ya bar mana, ita ce kuma ta fari. Wanda ya san gidajenmu ya san yadda ake yi da ɗan fari: ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka zama hira da shi. Ana yaye ta yayata Salamatu ta tafi da ita Damagaram. A can ta yi lakwal, wato makarantar boko, ta wuce lise, babbar sakandare, gwamnati ta tura ta waje ta koyo tuƙin jirgi. Sunanta yana nan a rubuce a kan aljihun farar rigarta, Ummul Kulsum. Bakina bai taɓa faɗinsa ba, yanzun ma hannu ne ya rubuta.

Da Shamuwa ta ɗauke ta aka sa ta a hanyar gabas, sai Allah ya buɗe mini wata ƙofa da ban taɓa tsammani ba. A rediyo ba uba ba 'ya, aiki ne. In jirgi ya rage minti goma sha biyar sai in ji muryarta: "Gure, Gure, Shamuwa ke kira." In ba ta labarin iska da Faransanci, in ce pisti a buɗe take, ta maimaita. Kafin ta saki rediyon sai ta ƙara da Hausa, "An tashi lafiya, Gure?" In ce, "Lafiya lau, Shamuwa." Garin take gaisarwa, ni kuma ina amsawa a madadin gari, ba wanda zai ce mun yi rashin kunya. Wannan ita ce hira mafi tsawo da na taɓa yi da 'yata, kuma ina jiranta tun daga ranar Juma'a.

In sun sauka kuwa sai mu koma yadda muke. Ta zo ta ɗan rusuna ta ce, "Abba, ina kwana." In amsa ina duban sikeli. In miƙa mata takardar fasinja, wani lokaci da ƙullin dabino in ce na matuƙa ne. Ta karɓa da hannu biyu ta tafi.

Matuƙa biyu ne a jirgin, ita da babbanta Komanda Tanimu, dattijo mai yawan barkwanci. Ka'idarsu ita ce wanda ke tuƙi ba ya riƙe rediyo. Saboda haka in na ji muryarta na san Komanda ke tuƙi, in kuwa na ji muryar Komanda na san jirgin yana hannunta. Wani mako in ji muryarta, wani mako in ga aikin hannunta. Duka biyun ina so.

Kamfanin dai ya daɗe yana ɗingishi. Da jirgi uku aka fara. Ɗaya na haya ne, masu shi suka zo suka ɗauke abinsu. Na biyu yana Yamai a kwance, ana ciro kayan cikinsa ana sa wa na uku, kamar yadda ake yanka tsohon zane a yi wa sabo faci. An daina zuwa Tawa, an daina zuwa Agadas. Sai aka kawo sabon darekta, labari ya fara yawo cewa Gure ce ta gaba, kuma za a rage matuƙa. Duk wanda aka samu da laifi komai ƙanƙantarsa, shi ke nan. Ni kuwa na san halin mutane. In za a rage, da mace za a fara. Tsoro ya kama ni, ba na aikina ba, na minti ashirin ɗin nan.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce ta bazara. Na zaga pisti tun da safe, na tsince ƙaya da kashin raƙumi, na kori Umara ya koma bayan tudu. Da hantsi rediyo ya yi ƙara, na ji muryar Komanda Tanimu. Na ba shi iska, na fito na tsaya a inuwar ɗaki ina murmushi ni kaɗai.

Jirgin ya sauko lafiya, ƙafafunsa suka taɓa ƙasa ba ko girgiza. Ya yi gudu kamar rabin pisti, sai kawai na ga hancinsa ya karkata hagu. Ƙafar hagu ta bar jar ƙasa ta faɗa rairayi, ta ture duwatsu biyu, fiffike ya sunkuya har na ce ya taɓa ƙasa. Ƙura ta rufe komai. Ban san lokacin da na fara salati da ƙarfi ba. Da ƙurar ta lafa sai ga jirgin ya dawo kan pisti yana tafiya a hankali, har ya zo ya tsaya inda ya saba.

Fasinja ɗaya ce rak a ciki, wata tsohuwa da ta rufe fuskarta da mayafi tun daga Damagaram ba ta buɗe ba sai da aka kama hannunta. Sauran duk kwalayen magani ne na likita. Matuƙan biyu suka sauko suka tsuguna a gindin ƙafar hagu suna magana ƙasa-ƙasa. Komanda ya koma gefe ya yi ta faɗa da Yamai a portabul, wayarsa ta hannu. Ita kuwa ta nufo ni da gudu. Fuskarta duk gumi. Ba ta ma gaishe ni ba.

"Abba, kun gani?"

Abin da ya zo mini a rai shi ne, yarinyar nan jirgi ya kuɓuce mata a gaban ubanta, kunya za ta kashe ta. Na duƙa na ɗauki kwalin magani na ce, "Ban ga kome ba. Ƙura ce kawai."

Ta ce, "Abba..."

Na ce, "Kwalayen nan ba su son rana." Na wuce da kayana ɗaki.

Ba su je Difa ba ranar. Suka juya Damagaram ba fasinja, inda kamfani ke da makanike. Na ce a raina, shi ke nan, ta lalata wa mutane ƙafar jirgi, jirgin da shi kaɗai ya rage.

Bayan sun tashi na taka zuwa wurin. Sawun yana nan a fili, rami mai zurfin tafin hannu, ya fita daga pisti ya yi baka kamar taki arba'in ya dawo. Makaho ma zai gane. Na tsaya ina dubansa, ina ganin darekta yana dubansa. Sai na koma ɗaki na ɗauko shebur da tsintsiyar kaba. Na cike ramin, na share, na mai da duwatsun mazauninsu. Na dama farar ƙasa na shafa musu, da na ga sun fi sauran haske sai na bi duwatsun gefen hagu gaba ɗaya na shafe su. La'asar ta same ni a wurin.

Umara yana tsaye a kan tudu yana kallona. Na yafato shi.

Ya gaishe ni da harshensu ya ce, "Wushe, Shef. Tsuntsunku yau ya so ya ci ƙasa."

Na ce, "Ba ka ga kome ba. Ka kawo raƙumanka su bi ta nan, su je su dawo."

Ya dube ni ya yi dariya. "Shekara goma kana korata, yau kai ke gayya?"

Raƙuma talatin suka bi ta wurin sau biyu. Da suka gama, ko ni ba zan rantse jirgi ya taɓa bi ta nan ba. Na koma na buɗe littafin sauka da tashi, na rubuta ranar da lokacin, a gurbin bayani na sa abin da na saba sawa kowane mako, wato "ba abin da ya faru." Wannan ce ƙarya ta farko da na rubuta a littafin nan, kuma wallahi da daɗin rai na rubuta ta. Ban taɓa goya ta ba, ban taɓa kai ta lakwal ba. Yau dai na yi mata wani abu.

Alhamis ta gaba jirgi bai zo ba. A gidan rediyon ƙasa na ji cewa matuƙan Shamuwa da sandikarsu, wato ƙungiyar ƙwadagonsu, sun shiga yajin aiki. Ba a faɗi dalili sosai ba, an ce dai matsalolin aiki. Na ɗauka zancen albashi ne, don ni ma nawa ba ya zuwa a kan lokaci.

Mako biyar aka yi. Kowace Alhamis sai in tashi in zaga pisti, in kori raƙuma, in kunna rediyo in zauna. Ba abin da ke fitowa sai shuuu. Wani lokaci in ɗauki abin magana in danna in saki, don dai in ji ya yi ƙara. Mutanen gari suka daina tambayata yaushe jirgi zai dawo. Kaɗaici na san shi tun rasuwar Habsu, amma da yana da iyaka, ranar Alhamis yake yankewa. Yanzu ya zama ba shi da baki.

Lambar 'yata tana cikin portabul ɗina. Ban taɓa kiranta ba, ita ke kira, shi ma sai da salla. A mako na biyu sai ga kiranta da rana tsaka. Muka gaisa, ta gaishe ni da gida, da zafi. Sai ta ce, "Abba, a kan maganar ranar Alhamis ɗin nan ne. Ƙila za su aiko a tambaye ku."

Na ji nauyi ya kama ni. Ban so ta buɗe baki ta faɗa mini kuskurenta ba, ban so in ji 'yata tana roƙona in rufa mata asiri ba. Na katse ta na ce, "Ki kwantar da hankalinki. Na yi abin da ya kamata."

Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi. Na san za ku yi."

Na ce, "A gai da Yaya Salamatu in kin je." Na kashe. Duka kiran bai kai minti biyu ba.

A mako na huɗu wata farar mota ta tsaya a ƙofar tasha. Mushe Hamidu ne, wato Malam Hamidu a Faransance, daga babban biro, ofishin kamfani na Yamai, saurayi mai ladabi, ya cire takalmi kafin ya hau tabarmata. Ya kawo mini sukari da ganyen shayi, ya ce darekta na gaishe ni da kyau. A shekara goma sha ɗaya ba wani daga biro da ya taɓa zama ya sha shayina. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ya ce, "Shef, a ba ni littafin in duba."

Na ba shi. Ya buɗe daidai ranar, ya karanta, ya ɗauki hoton shafin. Ya ce mu zaga pisti. Muka bi gefen hagu tun daga farko har ƙarshe, yana ɗaukar hoto. Duwatsu fes, rairayi ba komai sai sawun raƙuma.

Ya ce, "Kai, Shef, pistinka ta fi ta wasu manyan garuruwa tsabta."

Da muka dawo ya fito da takarda an riga an buga. Layi huɗu ce. Ni Jibirilla, ina wurin a rana kaza, jirgi ya sauka kamar yadda ya saba, bai bar pisti ba, ban ga wani abu na daban ba.

Na ce, "Mushe, in na sa hannu, ba abin da zai biyo baya?"

Ya ce, "Da wannan takarda maganar ta mutu, Shef. Jirgi ya koma aiki. Kuma darekta ya ce in gaya maka, Gure tana nan a hanya, ba za a cire ta ba."

Na karɓi bik na sa hannu, har da hatimin tasha. Na raka shi mota, na ba shi dabino. Ranar har kasuwa na shiga na sayi tsire na ci ni kaɗai, ina ji kamar na sauke buhu daga kaina.

Bayan kwana tara, ina zaune a ƙofar gida bayan azahar, Komanda Tanimu ya kira ni. Bai yi barkwanci ba.

Ya ce, "Baba Jibirilla, tambaya ɗaya zan maka. Nawa suka ba ka?"

Na ce, "Komanda, wace irin magana ce wannan?"

Ya ce, "To in ba su ba ka kome ba, mi ya sa?"

Sai ya warware mini komai. Birkin ƙafar hagu ne ya cije ranar. Karo na uku ke nan, tsohon ƙarfe ne da aka ciro daga jirgin da ke kwance, sun yi ta kai kuka ba a ji. 'Yata ce ta rubuta rahoto ta sa hannu, shi ya sa nasa a ƙasa. A kan wannan rahoton matuƙa suka ajiye aiki, suka ce ba su ƙara tashi sai an kai jirgin bincike. Makaniken Damagaram ya canza ƙarfen a daren ya yi shiru, yana da 'ya'ya takwas. Da aka zauna gaban sufeton aiki, lauyan kamfani ya shimfiɗa hotuna, ya shimfiɗa shafin littafina, sannan ya karanta takardata da ƙarfi. Ya ce wannan shaida ba baƙo ba ne, mahaifinta ne. An kore su duka biyu a kan rahoton ƙarya. Sauran matuƙa suka tsorata, yajin ya watse.

Ya ce, "Ita ta ce a kira ka shaida, Baba. Ta ce ubana bai taɓa rubuta ƙarya a littafin nan ba."

Ban san yadda muka rabu ba. Na daɗe zaune a wurin har inuwa ta bar ni.

Washegari na hau kar, motar safa, na tafi Damagaram, na rubuta sabuwar takarda na kai ofishin sufeto na can. Mutumin ya saurare ni da haƙuri har na gama. Ya ce, "Malam, yanzu takarda biyu ke nan da hannunka, ɗaya ta ce e, ɗaya ta ce a'a, kuma wadda abin ya shafa 'yarka ce. Wacce kake so a yarda da ita? Akwai wata alama a ƙasa da za a je a gani?" Na ce babu. Ya ce ina take. Na ce ni na share. Na ce akwai makiyayi da ya gani. Ya ce zai tura takardar Yamai, ya sa ta a ƙarƙashin wasu takardu. Na biya gidan Yaya Salamatu. Ta buɗe mini ƙofa, ta ba ni ruwa, ta ce, "Jibo, tun kana yaro ba ka tambaya."

Darekta ya cika alkawari, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Jirgi ya dawo Gure. An ɗauko matuƙa biyu na haya daga wata ƙasa, Faransancinsu ma da ƙyar nake ganewa. In ba su iska, su maimaita, su saki rediyo. Su sauko su sha taba a bayan ɗaki, su tafi. Minti ashirin ɗin suna nan daram, ba a rage ko ɗaya ba.

'Yata ta zo wata ranar Litinin, wata biyu bayan haka. Ina cikin tasha ina gyaran sikeli sai na ji sallama. Ban taɓa ganinta a wurin nan ba farar riga ba. Atamfa ce a jikinta da mayafi, da ƙaramar jaka, ƙurar hanya a ƙafarta. Ta rusuna ta gaishe ni kamar kullum. Na nuna mata benci, na zauna a ɗayan.

Ta ce ta samu aiki a wani kamfani na ɗaukar kaya, can gabashin Afirka. Kwangilar shekara uku ce. Jibi za ta tashi daga Yamai, kar ɗin la'asar za ta bi ta koma. Ta zo sallama ne.

Na ce, "Allah ya sa alheri."

Kwanon rufi yana ta ƙara saboda zafi. Ita ta fara magana, idonta a ƙasa.

"Abba, ban zo in yi muku rashin kunya ba. Amma in ban tambaya ba, da shi zan tafi. Mi ya sa?"

Na gaya mata. Karo na farko a rayuwata na yi mata magana mai tsawo ba rediyo a tsakaninmu. Na faɗi shebur, na faɗi farar ƙasa, na faɗi raƙuman Umara. Na ce na ji muryar Komanda, na san jirgin a hannunki yake, na ga ya fita, na ce kada su gani su kore ki. Na ce wallahi rufa miki asiri na yi niyya.

Na zaci za ta yi kuka, ko ta yi faɗa, da ma ta yi. Sai ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Wato kun ɗauka ni na kasa."

Na mai da idona kan sikeli.

Ta ce, "Aikin ba shi ne ya fi yi mini ciwo ba, Abba, ga shi na samu wani. Ranar nan, da birkin ya cije, jirgin juyawa zai yi ya kife. Na sake shi ya shiga rairayi da gangan don ya rage gudu, na riƙe fiffike da iska, na dawo da shi da injin hagu. Komanda ya yi shekara talatin yana tuƙi, ya ce bai tabbata shi zai iya ba. Tun da na fara tuƙi ban taɓa yin sauka irin wannan ba, ƙila ba zan sake ba." Ta ƙara da cewa, "Kuma a duk duniya mutum ɗaya ne ke tsaye a ƙasa yana kallo. Ina saukowa murna nake, na ce Allah na gode, Abba ne ya gani. Na zo da gudu. Kuka ce ƙura ce kawai."

Na so in ce ta yafe mini, harshena ya yi nauyi. Na ji ina jin kunyarta irin wadda ba ta al'ada ba.

Ta share fuskarta da bakin mayafi ta miƙe. Ta ce, "Daga sama ban taɓa samun ganin wurin ba, ba mu dawo ba. Komanda ya ce sawun zai kai taki arba'in. Ku nuna mini inda ƙafar ta fita, in gani kafin in tafi."

Muka fita cikin rana, ina gaba tana biye. Muka bi gefen hagu. Na tsaya a wani dutse na ce nan ne, sai na duba na ga ba shi ba ne, wancan yana daidai da wata aduwa. Muka ƙara gaba. Aduwa uku ce a jere, duwatsun duk fari ɗaya, rairayin duk iri ɗaya, an yi ruwa sau biyu tun lokacin har ciyawa ta fara tsirowa. Na koma baya, na sake dawowa. Na tsuguna na tona da hannu ko zan ji inda ƙasa ta fi laushi. Tana tsaye da jakarta tana jira.

Na ce, "A tsakanin nan ne dai. Daga nan zuwa can."

Ta dubi inda na nuna, ta daɗe tana duba. Sannan ta dubi agogonta ta ce, "Ba kome, Abba. Kar zai tashi."